Garinmu a Kan Farin Soso

Ku matso ku kasa kunne. Ga ta nan gare ku, sai dai wannan ba ƙirƙira ba ce, a tsakar gidana ta faru.

Da masu bindiga suka tashi ƙauyenmu, sai muka sauka a Tudun Fulani, ni da Malam mijina da jikanmu, ɗan 'yarmu da ta rasu tun yana goye. A nan ya girma har ya yi gemu. Yana da wani wasa da abokansa na jami'a. Su kewaye tebur, su jera 'yan mutum-mutumi kamar ɗan yatsa, su jefa ɗan lido, wai yaƙi ake yi. Shi ke yi musu ƙasar da ake yaƙin a kanta. Farin soson nan da ake tare firji da shi a kwali yake tsintowa a shagunan unguwar Shango. Ya yanka da reza, ya shafa gam ɗin kafinta, ya barbaɗa yashi, ya rina garin katako ya zama ciyawa. Ka ga dutse sai ka rantse za ka yi tuntuɓe.

Lokacin idon Malam ya tafi, tunaninsa ma ya fara bin idon. Wata rana ya shafa dutsen soso, ya ce, "Kai, malalacin banza, ka iya gina garin gaske, ko sai na aljanu?"

Jikan ya ce, "Tsoho, kwatanta mini ka gani. In na gama kuma in ƙwace maka matarka in kai ta can."

"Ɗauke ta yau ma. Ta cika gishiri a miya."

Abin da Malam ke nufi da garin gaske na gane shi, ƙauyenmu yake so a gina. A wajenmu mace ba ta bin gawa. Ranar da aka fita da 'yata, a bakin zaure na tsaya. Ban san inda aka kwantar da ita ba, sai dai an ce hayin rafi. Waɗanda suka haƙa kabarin sun mutu ko sun watse. Malam kaɗai ya rage, shi kuma in ka tambaye shi da baki sai ya rikice. Amma in yatsunsa na bin hanya, komai sai ya dawo masa.

Duk Asabar suke zama da hantsi. Aka fara da masallaci. Malam ya shafa ya ce rijiya ta yi nisa, a matso da ita. Aka yanke, aka sake liƙawa. Rumbunan ƙanensa uku, kaɗanyar da ake ɗaure jaki, turbar da ke gangarawa. Wata huɗu suna yi. Asabar ta ƙarshe yatsan Malam ya kai bakin rafi, ya ce, "Mu tsaya nan, na gaji. Mako mai zuwa mu tsallaka, in nuna maka uwarka."

Damina ce. Ranar Laraba ina shara na ga gara ta hau ƙafar teburin, ta kama katakon da garin ke kai. Jikan ya tafi makaranta. Ni kuwa tun ina yarinya maganin gara a wajenmu kananzir ne. Na duba kwalba, babu. Sai na ɗauko jarkar man janareto, na ce ai duk mai ne. Na tsiyaya a murfi, na yayyafa da hannuna, daga masallaci har rafi, kada in bar mata ko lungu.

Ban ajiye murfin ba masallacin ya fara lotsawa. Rumbunan suka zauna. Turbar ta zama wani abu mai danƙo kamar ƙaro. Na kwara ruwa, na sa zanina ina gogewa, yana biyo zanin.

Malam daga ɗaki ya ce, "Warin mai nake ji. Lafiya?"

Na ce lafiya.

Da jikan ya dawo ya duba teburin. Sannan ya ce, "Kaka, laifina ne, ban taɓa faɗa miki soson ba ya shiri da fetur ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yana da hotuna a waya. Cikin mako uku ya sake gina komai, har ya fi na da kyau. Muka zaunar da Malam. Ya shafa masallacin, ya shafa kaɗanya, ya janye hannu.

"Garin wa ne wannan?"

"Namu ne, Malam," in ji ni.

"A'a. Ba a nan na zauna ba."

Muka gwada Asabar biyu bayan nan. Bai ƙara miƙa hannu ba.

Malam ya rasu bayan ƙaramar salla, nan ma a bakin ƙofa na tsaya. Jikan ya samu aiki a Abuja wajen masu zanen gidaje, yana yi musu ƙananan gine-gine. Ya ce in hanya ta yi lafiya zai je hayin rafin ya yi addu'a a kan dukkan kaburburan, tunda ɗaya na uwarsa ne. Ni ina nan Tudun Fulani wajen matar ƙanen Malam. Ƙafa ta yi nauyi, ba na jin zan ga ranar.