Malam Sake da Masana'antar da Ba Ta Jira Mu Ba

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye a layin karɓar magani wayata ta yi ƙara. 'Yarka ta fari ce. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Na fita daga layin, na nemi benci na zauna. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma.

Malam, shekara talatin da huɗu ka yi a makarantar koyon sana'a kana koyar da lissafi da zanen injina, amma kaɗan ne cikin ɗalibanka suka san sunanka na yanka. Malam Sake kowa yake ce maka. In ɗalibi ya kawo zane, sai ka ɗora rula a kai, ka turo masa takardarsa ka ce, "Sake." Ba faɗa, ba bulala. Ni sau bakwai na sake zanen noti guda ɗaya. A na bakwai na fashe da kuka, na ce kuskuren bai kai kaurin gashi ba. Ka ce, "'Yata, injin bai san kin yi ƙoƙari ba. Ko notin ya shiga, ko bai shiga ba." Sannan ka feƙe mini fensirinka, ka jawo kujera, ka zauna da ni har aka share aji aka rufe tagogi.

Lokacin da injinan ɗakin gwaji suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka yi ta rubuta takarda babu amsa, kayan gidanka ka riƙa ɗaurowa a bayan keke. Matarka, wadda dukanmu muke ce wa Mama, ta daɗe tana ba mu dariya da wannan. Takan ce ita dai malami ta aura, sai ta wayi gari ba keken ɗinki, ba agogon bango, ba fanka, duk an kai makaranta an kwance. A kan keken ɗinkin nan na fara gane yadda ƙarfe yake juya ƙarfe.

Na riga na gama makaranta lokacin da aka kawo sabon shugaba, amma abokan aikinka sun ba ni labari. Yana so a ce a makarantarsa kowa yana cin jarrabawa. Ya tara malamai ya ce a riƙa ƙara maki, ranar jarrabawa kuma a kau da kai. Kowa ya sunkuyar da kai, kai kaɗai ka ɗaga hannu. Ka ce, "Ranka ya daɗe, in na ba yaro makin da bai ci ba, ban taimake shi ba. Na tura shi ne ya je ya ji kunya a gaban baƙi." Ba a kore ka ba. An karɓe ajinka, aka ba ka mabuɗin ɗakin ajiyar kayan aiki, ɗakin da babu komai a ciki sai karyayyun kujeru. A bakin ƙofarsa ka cika shekara bakwai ɗin da suka rage maka. Ban taɓa jin ka zagi mutumin nan ba.

Bayan ka yi ritaya ne aka buɗe masana'antar harhaɗa injinan ban ruwa, aka ɗauke ni jami'ar kula da ma'aikata. Masu ita baƙi ne daga wata ƙasa, kuma sun ce mutum ɗari huɗu suke buƙata. Tun kafin a gama fenti titin ya farfaɗo. Masu sayar da abinci suka kafa rumfuna, masu gyaran babur suka dawo bakin ƙofa, masu gidaje suka fara tsaga ɗakunan haya. Masu neman aiki suka yi layi har kwana, kowa da takardunsa a cikin leda.

Gwajin da muka yi musu ba wani abu ba ne: tef na awo, guntun bututu, da shafi ɗaya na umarni. A karanta, a auna, a sa alama. Mutum ɗari shida suka shiga, ashirin da uku suka ci. Sha shida daga cikinsu tsofaffin ɗalibanka ne, wasu har da furfura. Akwai wani mai neman aiki da takardarsa ta fi ta kowa kyau, ya riƙe tef ɗin yana juya shi. Da na matso ya ce a hankali, "Anti, ba a taɓa ba ni wannan na riƙe ba. A allo ake zana mana shi."

Da yammar ranar na kwaso takardun gwajin na kawo maka gida. Ka sa tabaranka da aka ɗaure ƙafarsa da zare, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, shayinka ya huce ba ka taɓa ba. Da ka gama ka ce, "Waɗannan ba daƙiƙai ba ne. Ba a koya musu ba ne." Ka dafa takardun a cinyarka ka ce, "Kullum ana taro a kan yadda ƙasa za ta yi arziki. Ga amsar nan. Mai jari zai kawo injin, amma ba zai kawo hannu da ƙwaƙwalwa ba. In ya zo bai same su ba, zai kwashe kayansa ya kai inda yara suka iya karanta awo."

Kana da shekara sittin da takwas ka share garejin gidanka, ka jingina allo, ka ce in turo maka waɗanda suka faɗi. Na roƙi manajan masana'antar ya ba mu wata shida, ya yarda. Mutum arba'in suka fara zuwa. Sai ka tarar wasu ba awo ne matsalarsu ba, lissafin rabawa ma ba su iya ba, wasu kuma sai sun bi layin rubutu da yatsa. Ka koma da su farko, ba ka nuna gajiya ba. Amma mutum mai iyali ba ya iya zaman aji kullum, yau wannan ya tafi dako, gobe wancan ya tafi gini. Da wata shida suka cika, sha tara suka ci. Ka yi murna da su kamar ranar suna, ni kuwa na san ba su isa ba.

Shekara biyu masana'antar ta yi tana ɗingishi. Rabin injinanta ba a taɓa kunna su ba. Manoma suka riƙa dawo da abin da muka harhaɗa, yana yoyo. Ranar da aka rufe ta, manyan motoci suka zo kwashe kaya, na hango ka a tsallaken titi da sandarka, kusa da rumfar mai abincin da ta riga ta tashi. Na tsallaka na gaishe ka. Ba ka dube ni ba, motocin kake kallo. Ka ce, "Mun makara da shekara ashirin, 'yata."

Malam, da ina da labari mai daɗi da na ba ka. Ɗakin gwajinka yanzu zauren jarrabawa ne. Waɗanda suka iya cikin ɗalibanka yawancinsu sun ƙetare, har da autanka, wanda yake gyara injinan wasu a ƙasar wasu, bai ma sami jana'izarka ba. 'Yata ta kawo mini sakamako ta zo ta ɗaya a ajinsu, na ba ta lissafin rabawa mai sauƙi, ta kasa, ta yi ta kallona. Malaminta ɗan kirki ne, amma shi ma cikin waɗanda aka kau wa kai ranar jarrabawa ya fito.

Zuwana na ƙarshe duba ka a asibiti na tambaye ka ko harkar karatun nan za ta gyaru. Ka ce, "Za ta iya. Sai dai a sami mutanen da za su yarda su yi shekara ashirin suna faɗin gaskiya a aji, ba mai tafa musu. Ni ban gan su ba." Ka nemi ruwa, muka canza magana.

A zaman makoki manya sun zo, sun yi jawabi, sun ce ba za a sake irinka ba. Har tsohon shugaban nan ya zo, ya yi kuka, kuma ina jin kukan gaske ne. Da jama'a suka ragu, Mama ta kira ni ɗaki ta jawo kwali daga ƙarƙashin gado. Littattafan rubutu ne goma sha ɗaya, cike da rubutun hannunka: yadda ake koyar da awo darasi bayan darasi, da irin kuskuren da yara suke yi, da yadda ake gyara shi ba tare da an karya musu gwiwa ba. Ta ce tun da ka bar aiki kake rubuta su, kana cewa wata rana wani malami zai zo ya tambaya. Ta ce, "Ke kin san mutane. Wa za a ba?"

Na tsaya ina lalube a raina, makaranta bayan makaranta. Ban sami sunan da zan faɗa mata ba. Na ce ta bari in tafi da su tukuna. Suna ɗakina.

Allah Ya jiƙanka, Malam. Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa kowane harafi da ka koyar ya zama shaida a gare ka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka, da ɗalibanka na kusa da waɗanda suka yi nisa. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma da muka rage, Allah Ya yafe mana abin da muka yi wa 'ya'yanmu.