Ranar da Kawu Ya Ƙi Buɗe wa Inna Ƙofa

Duk sa'ad da na ji ƙamshin jan sabulu, Kawu nake tunawa, ƙanen Inna, mahaifiyarmu. Shi ne likita na farko a danginmu na garin Mainika.

Muna yara, da bazara yake zuwa gida, lokacin ƙyanda da sanƙarau. Sai ya sa a fito da tabarminmu tsakar gida, ya raba wa kowa moɗarsa, ya tsare mu a bakin randa sai mun wanke hannu. Inna ce ta goye shi bayan rasuwar kakarmu, don haka ko da ya yi furfura Auta take ce masa. Idan ta yi magana, kansa a ƙasa yake.

Shekarar korona ta same shi ya bar aiki, yana zaune a Kabo. Muka riƙa jin rasuwar likitoci daga Kano, wasunsu abokan karatunsa. Amma marasa lafiya ba su daina sallama a ƙofarsa ba, shi kuma bai kori kowa ba. Ana cikin azumi ciwon ya kama shi.

Ka san mu da dubiya. Inna ta ce in ɗauko babur. Na ce ta haƙura, ga tsufa, ga ciwon suga, amma ba ta saurare ni ba.

Muka tarar ya kulle ɗakinsa ta ciki.

"Auta, buɗe."

"Yaya, daga nan ma ina jin ki."

"Ni za ka bari a waje kamar mai tallan nono? Kashinka nawa na wanke?"

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya kira ni ta taga: "Malam, mai da ita gida. Idan ta shigo ɗakin nan, ban yafe maka ba."

Na kama hannunta. Muka hau babur, na mai da ita gida. Bayan kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa a asibiti. Allah ya gafarta masa.

Yanzu idan na ga likita ya rufe hanci ya ja baya, mutane suna cewa girman kai ne, ni ba na tanka musu. Inna tana nan da ranta, ta ga tattaɓa-kunne biyu. Kowace salla sai ta yi masa addu'a. Amma har yau ba ta ce ya yi daidai ba.