Inda Muka Manna Ban-ɗakin

Bayan gidanmu a Zongo akwai wani rafi da ke kwashe ruwan unguwa. Sunan rafi kawai gare shi, rabinsa leda ce. A gefensa Inna ta yi ɗan lambunta na zogale da lalle da yakuwa. Tun rasuwar Baba daga nan miyarmu ke fitowa, nan kuma take wuni.

Maƙwabcinmu wani Alhaji ne mai manyan motocin da ke jigila zuwa Nijar. Ya ga filin ya yi masa, sai yaransa suka riƙa juye baƙin mai a gindin shukokin har komai ya ƙone. Inna ta yafa mayafi ta same shi a ƙofar gida, inda yake hakimcewa kan kujera yana amsa gaisuwa. Ina biye da ita.

"Alhaji, yaranka sun kashe mini lambu."

Ko kallonta bai yi ba. "Haba Hajiya, bakin kwata ne fa. Wurin ƙazanta ai ƙazanta ake zuba masa."

Ya zuba tsakuwa a wurin, ya daɓe, ya jera motoci. Inna ba ta sake shuka ko albasa ba har ta koma ga Allah. Ita ta ce ta yafe. Ni ban yafe ba, maganar nan na adana ta a raina kamar zanen fita biki.

Bara waccan ma'aikatan magajin gari suka zo da shirin gyara bakin rafin: za a yashe shi, a dasa itatuwa, a yi hanyar ƙafa. Suka tara mu a makarantar firamare, suka baza taswira, suka raba mana 'yan takardu masu manni. Kore bishiya, shuɗi benci, ruwan ƙasa ban-ɗakin jama'a, don 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, da masu wucewa. Inda takardu suka fi taruwa, nan za a duba a sa abin. Maza suka ga ana manne-manne, suka ce wasan yara ne, suka kaɗe riguna suka nufi kasuwa. Alhaji ko aike bai yi ba.

Na nemo ƙofarsa a taswira da yatsa. Na manna ruwan ƙasa, na danne da babban yatsa.

Wallahi ban haɗa baki da kowa ba. Mai ƙosan da motocinsa suka kora daga wurinta ta taso ta manna tata a kan tawa. Wata tsohuwa da ya taɓa marin jikanta ta biyo. Kan ka ce me, ƙofar Alhaji ta ɓace a taswirar.

Ma'aikaciyar da ke jagorantar taron ta tambaya da Faransanci me ya sa duka nan. Na ce mata wurin fili ne na gwamnati, a daɓe yake, motar kwasar ƙazanta za ta shiga ba wahala. Ba ƙarya na yi ba. Suka zo suka auna, suka yaba da daɓen.

Ranar da aka fara haƙa rami, sai ga Alhaji a zaurenmu, yau da sallama har da risinawa.

"'Yar nan, ni fa kamar uba nake a wurinki. Ki taya ni yi wa ma'aikatan nan magana."

Na gaishe shi da ladabi, har ruwa na kawo masa. Sannan na ce, "Haba Alhaji, bakin kwata ne fa. Wurin ƙazanta ai ƙazanta ake zuba masa."

Ya daɗe yana kallona. Bai tuna maganarsa ce ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Yanzu an kwashe motocin, an dasa itatuwa. Alhaji ya daina zaman ƙofar gida, tagoginsa kullum a rufe. Akwai benci kusa da inda lallen Inna yake a da, can nake zama da la'asar. Idan iskar teku ta taso, warin har wurina yake isowa. Ɗiyata takan toshe hanci ta ce, "Umma, don Allah mu matsa gaba."

Nakan ce ta je, ni ina nan. Duk abin da ya iso hancina, sai da ya fara ratsa falon Alhaji.