Fankar Yaya

Yayata malamar kimiyya ce a wata sakandare a Potiskum. A bazarar da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ba a kawo wuta a unguwarmu, zafin ɗakinta har numfashi yake hana ta. Na ɗauko batirin sola da ƙaramar fanka wurin kawunmu a Nangere, amma na ji tsoron haɗa su, kada fankar ta ƙone.

Ta ce, "Auta, karanta min abin da ke jikinsu."

Na ce batirin bolt sha biyu ne, fankar ma haka, kuma tana jan wuta am biyu.

Ta lumshe ido. "Ninka su. Wat ashirin da huɗu take ci. In ka raba sha biyu gida biyu, turjiyarta om shida ke nan. Batirin zai ɗauke ta, haɗa."

Muryarta ta koma irin ta aji, har Inna ta leƙo daga tsakar gida. Na haɗa wayoyin, iska ta kaɗa mayafinta, barci ya ɗauke ta.

Ba ta ga daminar shekarar ba. Ranar jana'iza ɗalibanta suka cika ƙofar gidanmu.