Murfi Goma Sha Biyu a Bokiti Ɗaya

Shekara talatin da shida Baba Fensir ya yi a ɗakin zane na wani kamfanin ƙera tankunan ruwa, a saman bene, daidai kan inda ake walda. Fensirin da ba ya rabuwa da bayan kunnensa ne ya jawo masa sunan, har aka manta da na yanka. Matarsa takan ce ta amince ta aure shi ne don kawai ta ga ko da fensirin yake kwana. Ba da shi yake kwana ba, amma saura ƙiris.

Yana ɗan saurayi ya shiga ɗakin, kuma sai da ya shekara biyu yana fere wa manya fensir da reza kafin a bar shi ya ja layi ɗaya. Wanda ya koya masa aikin, wani tsoho mai faɗan tsiya, abu biyu ya dasa masa a ka. Na farko, tanki ba ya shiga takarda, saboda haka duk awon da aka ba ka, ka raba shi goma kafin fensir ya sauka. Na biyu, lambar da ka rubuta a gefen layi ita ce gaskiya, domin maƙeri lamba yake karantawa, ba ya ɗora rula a kan zane. Abin ya bi jikinsa. In ka ce masa milimita dubu da ɗari biyu, hannunsa ɗari da ashirin yake ji, ba tare da ya nemi shawarar kai ba.

A ƙasan benen akwai shugaban masu walda, wanda ake kira Tartsatsi saboda saurin fushi da saurin hucewa. Kusan kullum sai ya hau bene da takarda a naɗe, duk ta sha shatin baƙin yatsa.

"Fensir! Wannan tara ce ka rubuta, ko kaza ce ta taka tawada?"

"In idonka ya mutu ka faɗa, a sayo maka tabarau."

Haka suka yi shekara ashirin da biyar suna faɗa da safe, su raba abincin rana a kan matattakala. Duk kuskuren da ya kuɓuce wa Baba Fensir, a hannun Tartsatsi yake tsayawa. Zai hau, ya yi masa tsiya son ransa, a gyara, kuma maganar ba ta taɓa wuce su biyu ba.

Allah bai ba Baba Fensir haihuwa ba. Amma Tartsatsi yana da 'ya, wadda in an tashi makaranta take zuwa ta shige ƙarƙashin teburin zane, tana tattara guntayen takarda. A nan ta koyi riƙe kamfas ɗin zana da'ira. Shekarar da ta shiga jami'a ciwo ya kwantar da ubanta. Ranar da Baba Fensir ya je duba shi a asibiti, Tartsatsi ya nuna ta da haɓa ya ce, "Ga 'yarka nan. Kar ka koya mata rubuta tara." Kwana uku bayan nan ya rasu. Tun daga lokacin Baba Fensir a kan teburinsa yake cin abinci, shi kaɗai. Ita kuwa ta gama karatu, ta dawo kamfanin, ta zama shugabar ɗakin zane. A gaban mutane Injiniya yake ce mata. Ita Baba take ce masa ko a gaban wa.

Sai hannu ya soma yi masa rawa. Da fari babban yatsa ne kawai, daga baya ya kai wuyan hannu. Layin da a da yake ja da numfashi ɗaya, yanzu sai ya ja sau uku ya goge sau uku, hagu na danne da dama. Ya daina shan shayi a ofis don kar a ji kofi yana kaɗawa. Ya koyi tsayuwa da hannu cikin aljihu, har samarin ɗakin suka ce tsoho ya fara yanga. Shekara biyu yana ɓoyon abin nan, matarsa kaɗai ta sani. Ba yunwa yake tsoro ba. Tsoronsa ranar da zai wayi gari ba shi da benen da zai hau.

Ana haka aka kawo sabon manaja, shi kuma ya kawo kwamfutoci da wani ƙaton injin yanka ƙarfe. Aka fitar da teburan zane aka jingine su a baranda. Manaja ya so ya haɗa da Baba Fensir a fitarwar. Injiniya ta yi tsaye ta ce ba za ta saɓu ba, har ta samo masa wata uku. In ya iya manhajar zane a cikin wata ukun, kujerarsa tana nan. In bai iya ba, sai haƙuri.

Ranar farko ta ɗora hannunsa a kan abin nan da ake turawa don motsa kibiya a allon kwamfuta, wanda ake kira linzami. Ya ɗaga shi sama yana neman kibiyar da ta ɓace masa a allo. Da ya ajiye, hannu ya yi abin da ya saba, kibiya ta dinga tsalle kamar fara. Wani daga cikin samarin ya ce a hankali, amma yadda za a ji, "Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza." Baba Fensir ya ji. Ya murza ɗan tayan da ke bayan linzamin bisa kuskure, zanen da Injiniya ta buɗe masa ya ƙanƙance ya ɓace.

"Innalillahi! Ya tafi!"

"Bai tafi ba, Baba, nisa ya yi. Murzo shi baya."

Ya murzo, zane ya dawo. Da ya koma gida ya ce wa matarsa aikin nan ya ƙare masa. Ta ce gemu ba ya hana ilimi. Ya ce ai ba gemun ne yake rawa ba.

A mako na biyu Injiniya ta janye linzamin gefe. Ko ta lura da wani abu ne, ko dabarar koyarwa ce, ba ta faɗa ba.

"Baba, bar wannan. Ba sai ka ja da hannu ba. Gaya masa inda layin zai fara, ka rubuta tsawonsa, ka danna nan."

Yatsa mai rawa ma yana iya samun madanni, in an yi haƙuri. Ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya. Layi ya fito fari tas a kan baƙin allo, siriri, miƙaƙƙe, babu kauri a farko babu kauri a ƙarshe. Baba Fensir ya matso da fuska yana neman inda ya karkace. Bai samu ba. Ya sake yin wani. Ya yi da'ira, ta haɗe bakinta ba tare da tabo ba. Ya ƙura wa allon ido, har Injiniya ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce hasken allon ne yake sa masa ƙwalla.

Ranar tun daga ƙofar gida ya fara kiran matarsa. Ta fito da hannu duk kumfar wanki.

"Malam, me ya faru?"

"Layina ya dawo."

Daga nan ba mai riga shi zuwa. Ya sami ɗan littafi ya rubuce umarnin manhajar da kyakkyawan rubutunsa na da, wanda yanzu ya ɗan karkace. Ya koyi kwafe huji ɗaya ya zama ashirin a kewaye. Ya koyi mayar da kuskure baya da danni ɗaya, ya ce da an ƙirƙiro wannan tun yana yaro da ya huta da ranƙwashi. A gaskiya Injiniya ta gaya masa, ba sau ɗaya ba, cewa a nan ba a raba awo. Takardar kwamfuta ba ta da iyaka, abu da girmansa ake zana shi, sai wajen bugawa a rage. Ya ce to. Kunne ya ji. Amma hali zanen dutse ne, kuma ba wanda ya sanar da hannu.

Saura mako guda wata ukun su cika aka ba shi aikin gaske, wanda a kansa za a yanke hukunci: murfin tanki guda goma sha biyu, kowanne faɗinsa milimita dubu da ɗari biyu, da hujin noti ashirin da huɗu a kewaye. Ya zauna, ya yi bismilla, ya danna ɗari da ashirin. Haka ya bi kowane awo yana rabawa, bai ma san yana yi ba. Da ya umarci manhajar ta sa lambobin awo, ta rubuta masa gaskiyar abin da ya zana: ɗari da ashirin. Ya yi tsaki. A ganinsa kwamfuta ce ba ta san ƙa'idar aiki ba, kamar kowane sabon shiga. Ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ya goge, ya rubuta na ainihi, kamar yadda ya saba shekara da shekaru.

Da aka buga a takarda, zanen ya yi kyau har samarin suka taso suna leƙe. Injiniya ta bi kowace lamba da bakin biro, ba ta sami ko ɗaya a karkace ba. Ta sa hannu. Ta ce, "Da Babana yana nan, yau da ya rasa abin faɗa." Aka tura zanen kai tsaye zuwa injin yanka. Shi kuwa inji ba ya karanta lamba, layi yake bi. Mai kula da shi sabon ɗauka ne, bai ga takarda ba, kuma bai san akwai wani bene da ake hawa a yi tambaya ba.

Ranar ɗauka mai kayan ya zo da kansa, da babbar mota da leburori huɗu, don kowane murfi sai mutum huɗu za su iya ɗagawa. Baba Fensir ya sauko da wankakkiyar riga, ya tsaya kusa da Injiniya, hannu a aljihu. Manaja ya aika a fito da kaya. Sai ga mai kula da inji da bokiti a hannu ɗaya. Ya dire shi a gaban motar, ƙarfe ya yi ƙara a ciki.

"Ina murafun?" in ji Manaja.

"Ga su nan, ranka ya daɗe. Goma sha biyu cif."

Leburori ne suka fara fashewa da dariya, sannan direba, sannan masu walda. Baba Fensir ya sunkuya ya ɗauki ɗaya da hannun hagu. Ya zauna masa a tafi ɗas. Ya ƙirga hujin, ashirin da huɗu, kowanne a mazauninsa. Tunda yake bai taɓa yin zanen da ya fito da kyau haka ba, kuma a take ya gane abin da ya yi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da Tartsatsi ne, kallo ɗaya zai yi ya hau bene yana zagi, kafin azahar an gyara.

Mai kaya ya shiga motarsa ya tafi, ya ce kar a sake nemansa. A ofis Manaja bai ko dubi tsohon ba. Takardar ya tura gaban Injiniya.

"Hannun wa ne wannan?"

"Nawa ne."

"Ke kika nace a bar shi, ke kika koya masa, ke kika sa hannu. Masu kamfani suna ɗaya za su nema a wurina yau, kuma ban ga dalilin da zai hana in ba su naki ba."

Ta buɗe baki za ta yi magana. Baba Fensir ya zaro hannun dama daga aljihu, ya ɗora a kan gilashin tebur, ya sake shi. Zoben azurfarsa ya shiga buga gilashin, ƙas-ƙas-ƙas, ba tsayawa.

"Ranka ya daɗe, shekara biyu ke nan. Na ɓoye mata, na ɓoye muku. Lambobin kuma ni na goge na rubuta, ba injiniyan da zai gane a takarda. Mai irin wannan hannu bai kamata a ce yana ɗakin zane ba. Ka rubuta sunana."

Rawar hannu ba ta da alaƙa da abin da ya faru, ko kaɗan. Shi ya sani, ita ma ta sani. Amma Manaja ya sami abin da yake nema tun farko, ya ja takarda ya rubuta sunan tsohon.

A kan matattakala ta cim masa, tana kuka ba ta ko ɓoyewa.

"Baba, me ya sa? Wannan kuskuren yini ɗaya zan cire maka shi. Ka iya aikin, wallahi ka iya!"

"Na san na iya."

"To me ya sa?"

"Ubanki ya shekara ashirin da biyar yana ɗauke mini kuskure a kan matattakalar nan, bai taɓa kai ni gaban kowa ba. Bar ni in ɗauke na 'yarsa sau ɗaya. Share fuskarki, yaranki suna kallo."

Ya hau ya tattara kayansa, kamfas da reza da ɗan littafin umarni. Har ya kai ƙofa ya dawo, ya zauna gaban kwamfuta. Ya danna dubu da ɗari biyu, wannan karon duka, yana faɗin kowace lamba a fili don hannu ya ji. Layi ya miƙe ya wuce bakin allo. Ya murza ɗan tayan baya har ya gan shi gaba ɗaya.

"In adana maka, Baba?"

"A'a, 'yata. Na dai so in gani."

Rana ba ta yi sanyi ba ya isa gida, lokacin da bai taɓa dawowa ba. Matarsa ta dubi jakar, ta dubi hannun da ya bari a waje yana rawa a gaban maƙwabta. Ya ciro ɗan murfin daga aljihu ya miƙa mata, ya ce zai yi amfani wajen ɗora butar shayi. Ta juya shi a hannu, ba ta tambayi zancen aiki ba.

"Malam, layin naka fa?"

Ya zauna a bakin ƙofa yana kwance igiyar takalmi da hannun hagu.

"Yana can," ya ce. "A can na baro shi."