Butar da Mama Ta Miƙo

Kwanan baya ɗana ya kunna wani fim na yara biyu da suka ɓoye wani mai gudun ceton rai. Ya ce ƙaryar fim ce kawai. Alhali ni na yi hakan ina yaro, a nan Narayi.

Shekarar da gari ya rikice ne, kogi ya raba Kaduna biyu. Ni da ƙanena muka shiga kangon bayan gidanmu farautar ƙadangaru, sai ga mai yankan farcen da ke zagaya layinmu, a duƙe bayan bulo. Musulmi ne, gidansu na tsallaken gada, kuma in samarin unguwa suka gan shi, sai dai wani ba shi ba. Bai roƙe mu komai ba, ya dai ɗora yatsa a baki.

Muka zama ɓarayin tukunya. Kullum mu gutsuri tuwo mu kai masa a leda, muna ji da kanmu kamar sojoji. Shi kuma ya koya mana dara da tsakuwa, ya gyara mana farce tas. Ko a jikinmu, ba mu san farcen ne zai tona mu ba.

Gidanmu ana cin alade, amma a makon Mama ta ciro sabuwar tukunya, ta koma dafa wake da manja, tana ta mantuwa da kwano a bakin ƙofa. Muka ce tsufa ne.

Ranar Lahadi da safe ta kama hannuna, ta dubi farcen, ta miƙo mini buta.

"Kai wa baƙonku ya yi alwala. Ka ce masa ya shirya."

Na karɓa na kai masa kango.

Matan zumuntar cocinmu suka cika layi da zane iri ɗaya. Suka yafa masa ɗaya, suka ɗora masa tulun kiɗa a ka, suka sa shi tsakiya, suka tafi da waƙa. Samari masu sanduna suka buɗe hanya, wasu har da amshi. Ina biye ina kallon ƙeyar Mama, matar da kyankyaso ke sa ta ihu. Ban taɓa ganin girman mutum kamar ranar ba.

A gaban sojojin da ke babban titi ya sauke tulun, ya durƙusa yana kuka. Mama ta ce ya tashi, uwarsa na can tana jira.

Da muka koma gida ta zane mu, saboda satar tuwo.