Kyanwar da Aka Ce Karatuna Ya Ramar

An zalunce ni a gidan nan saboda kyanwa, kuma har yau ba wanda ya ce mini yi haƙuri.

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da jikoki huɗu, a lokacin ne kyanwata ta fara ramewa. Ta yi ɓari, daga nan ta daina kukan neman muzuru ɗin nan da ke hana unguwa sakat. Mura ba ta sakin ta, bakinta duk gyambo, ko kan kifi sai ta shinshina ta juya. Maigidana, wanda bai taɓa zuba mata ko ruwa ba, shi ya fara gano ciwon.

"Tun da kika kama boko dabbar nan ba ta ƙoshi," in ji shi. "Haƙƙinta ba zai bar mu ba. Ki aje littafin nan ki zauna gida."

Na ce, "Malam, awa biyu nake yi a aji. Yunwar awa biyu ce ta fasa mata baki?"

Ya ce dai in ba ta miƙe ba, makaranta ta ƙare.

Na sa ta a kwando, na rufe da tsohon zane, na hau kurkura, keken nan mai ƙafa uku, daga Ƙofar Kaura zuwa asibitin dabbobi. Makiyaya na zaune da shanu da raguna, ni da kwando. Wani dattijo ya leƙa, ya ce, "Hajiya, nono lita nawa take ba ki?" Na ce ta fi saniyarka kama ɓera.

Likitan ya ɗebi jininta, ya shafa wuyanta har ya taɓo wani tabo. Ya ce ƙwayar cuta ce irin wadda kyanwoyi ke samu ta cizo. Tana karya garkuwar jiki, shi ya sa ko ɗan sanyi ke kwantar da ita. Tana iya dagula sinadaran da ke sa mace ta nemi namiji ta kuma riƙe ciki. Ba ta kama mutum, ba ta kuma warkewa, amma kyanwar za ta iya daɗewa in an tsare ta a gida, an yi maganin gyambon.

Na ce ya dakata, na zaro littafina. Sai da na sa shi ya maimaita sau uku kafin na gama rubutawa, harafi na hawa kan harafi.

"Akwai baƙon muzuru da ke shigo muku?" ya tambaya.

Akwai mana! Wani ƙato mai yagaggen kunne, wanda Malam ke aje wa ƙashi a zaure kullum bayan azahar, har yana kiran shi abokina.

Da la'asar na tsaya gaban tabarmar Malam na karanta masa, a hankali, ina bi da yatsa. Da na zo kan cizo na ɗago kai. Ya gyara hula, ya ce ashe karatun ya fara kama hannu. Iyakar abin da na samu ke nan.

Washegari da safe na kwaɓa ƙasa na toshe ramin katangar da abokin nasa ke bi, na kife kwanon ƙashin. Na dama wa kyanwata kunu mai sanyi da kifi, na kulle ta a ɗakina, na ɗauki jakata na wuce shi a zaure.

"Sai na dawo, Malam."